Mamacin da Ya Karɓi Inji a Lolo

Ranar kasuwar Lolo ce, da hantsi, Mariyamu na tsakar gida tana fafe kifi tare da matan maƙwabta, sai wayarta ta yi ƙara a kan turmi. Hannunta duk ƙarni, don haka ta ce wa wata ta danna mata. Ashe saƙon murya ne. Wata mace mai zaƙin baki ta yi sallama, ta ce, "Barka da zuwa, Haliru na Tungar Bawa. An buɗe maka asusu a Taskar Masunta. Mun gode da ka zo da kanka yau ka karɓi injin jirginka."

Wuƙar hannun Mariyamu ta faɗi cikin kwarya. Matan suka kalli juna.

Haliru dai mijinta ne na fari, layin wayar ma nasa ne ta riƙe. A shekarar babban ruwa jirginsa ya kife a kogin Kwara, aka tsinci jirgin da filafilinsa, shi kuwa ba a ga gawarsa ba. Aka yi masa sallar da ake yi wa wanda ruwa bai mayar ba, Mariyamu ta yi takaba ta fita. Bayan an kwana biyu ta auri Muzammilu, abokin marigayin, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma ya riƙe 'yar da Haliru ya bari kamar tasa. Yanzu ma ga ciki ya fara turo zane.

Kafin azahar magana ta gama tungar. Ka san mutanenmu, idan aka ba su kan labari, su za su yi masa gangar jiki da ƙafafu. Wasu suka ce dama sun faɗa, Basarke, jinin masunta, irin Haliru ruwa ba ya cin sa haka kawai. Wasu suka ce ya gudu Benin ne ya yi wani aure. Wata tsohuwa ta rantse mutanen ruwa ne suka riƙe shi, yanzu suka sako shi. Inna Tasallah, mahaifiyar Haliru, ba ta saurari kowa ba. Ta sa aka share ɗakinsa, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta zauna a ƙofar gida tana kallon hanya.

* * *

Ɗanliti mai bin sawu kawun Mariyamu ne, wan mahaifiyarta. Daga Kende har Geza, idan saniya ta ɓace ko aka fasa rumbu, shi ake kira. Dogo ne mai ɗan doro, kullum kansa a ƙasa, har ana tsokanarsa cewa ya fi sanin mutane ta dugadugai fiye da ta fuska. Shi kuwa bai taɓa musawa ba.

Liman ya aika masa, ya same shi a zaure tare da Muzammilu da Attahiru, ƙanen Haliru.

"Ɗanliti," in ji Liman, "kai ka bi gaɓa shekaran nan. Mi kac ce muna?"

"Allah shi gafarta Malam, na bi gaɓa biyu, tamu da ta ƙetare. Nic ce babu ƙafar da tah hito ruwa."

"Bisa maganarka anka ɗaura auren ga. To, ga abin da littafi yac ce. Macen da anka kawo ma labarin mutuwar mijinta, ta yi aure, in ya bayyana da rai, tashi ta, ko ta haihu. Har a gane gaskiya, Mariyamu ta koma gidanka."

Muzammilu ya yi zumbur kamar an tsikare shi. "Malam, Haliru ya rasu! Wallahi ya rasu. Waya ta za ta kashe min aure?"

"Kai kag ga gawa?" in ji Attahiru, yana hararar sa.

Muzammilu ya sunkuyar da kai. Ɗanliti ya ji tausayinsa ƙwarai. Tun da yake bin sawu ba a taɓa dawo masa da maganarsa ba. Yanzu ga shi yana tambayar kansa ko akwai wani lungu na gaɓar da bai leƙa ba, ko wani dutse da mutum zai taka ya fita bai bar alama ba.

Da la'asar Mariyamu ta shigo gidansa da ƙunshin kayanta a ka, 'yarta na biye da ita. Ba ta yi kuka ba. Ta gaishe shi, ta ce, "Kawu, ni dai ka gano min matar wa nike." Ta shige ɗakin matarsa.

* * *

Washegari Muzammilu ya ɗauki Ɗanliti a babur zuwa Lolo. Da suka isa rumbun kamfanin Taskar Masunta ya ce shi zai tsaya a waje, don ana yawan satar babur a nan. Ɗanliti ya shiga shi kaɗai.

Rumbun wata rumfar kwano ce mai ƙasan yashi, injuna jere a jikin bango. A tsakiya an kafa wata faffaɗar waya a kan sandar ƙarfe, fuskarta na kallon ƙofa. Mai kula da wurin wani saurayi ne, Muktar, ɗan Kaduna, wanda bai daɗe da zuwa ba, kuma ga alama ƙasar ba ta karɓe shi ba, don gumi yake yi har a inuwa.

"Baba, ni ma kaina ya kulle," in ji shi, don labarin ya riga ya iso shi. "Da can sai mutum ya cike takardu, a kai hedikwata, a yi ta jira. Yanzu kamfani ya kwashe tsoffin takardun ƙungiyar masunta, kwali-kwali, ya ba ƙirƙirarriyar basira ta karanta. Ita ta ciro sunan kowa da garinsa da lambar wayarsa da hotonsa, ta buɗe wa kowa asusu. Kai dai ka zo ka tsaya nan, ta kalle ka, ta kira sunanka, ka ɗauki kaya ka riƙa biya sannu a hankali."

"Har da waɗanda sunka mutu ta buɗe ma?"

"To, ai takarda ba ta nuna mutum ya mutu ba."

"Ba ta tambayi kowa ba?"

"Ba ta tambaya, Baba. Amfaninta ke nan."

Ɗanliti ya kalli abin, abin ya kalle shi. Ya ga fuskarsa a ciki, an zagaye ta da wani koren layi, sai muryar macen nan ta ce, "Barka da zuwa, Ɗanliti na Tungar Bawa." Ya ja da baya har ya yi karo da inji. Shi da rabonsa da kamun kifi tun yana da sauran baƙin gemu, ashe shi ma yana da asusu bai sani ba.

"Ka gani ko?" in ji Muktar. "Ba ta kuskure. Wanda ya zo jiya, fuskarsa ce a takardar Haliru. Ko dai yana da rai, ko kuma an yi mana wata dabara da ban san irinta ba. Oga ya ce idan ba a gane ba, zai kira 'yan sanda, kuma da ni za a fara."

"Nuna min hoton da ke ga takardar."

"Ba ya fitowa a nan. Suna kawai nake gani, da alamar kore. Takardun kuma an tafi da su."

"To shi mutumen, yaya shike?"

Muktar ya sosa ƙeya. "Baba, ranar kasuwa ce, layi har bakin titi. Baƙi ne dai, matsakaici, da hula. Ya ɗan tsaya shiru da ta kira sunansa, sannan ya sa hannu ya ɗauka."

Wannan kwatance, ai rabin mazan Bagudo ya kama. Ɗanliti ya fita ya zagaya rumfar kansa a ƙasa. Ina! Kasuwa ta ci ta tashi a kan wurin, sawun jaki a kan na mutum, na amalanke a kan na jaki. Ya daɗe bai ji kansa wofi irin na ranar ba. An ba shi ɓarawo ko mamaci ya bi, ba a ba shi ko taku ɗaya ba.

* * *

Wani mai fito a mashayar Lolo ya rantse masa cewa ya ga Haliru da idonsa a Madekali, can ƙasar Benin, yana gyaran taru a ƙarƙashin wata tsamiya. Ɗanliti ya ari kuɗin jirgi ya bi. Muzammilu ya so ya hana shi, ya ce wahala ce kawai, amma bai ji ba.

A Madekali ya sha yawo. Hausarsa ta ƙare, Dandancinsa guntu ne, duk wanda ya tambaya sai ya nuna masa wani Haliru daban. Ya ga Haliru mai nama, ya ga Haliru mai faci, ya ga wani Haliru ɗan tsurut wanda ko kaciya ba a daɗe da yi masa ba. A ƙarshe aka kai shi tsamiyar. Tun daga nesa gabansa ya faɗi, don ƙeyar mutumin da faɗin kafaɗarsa sak na marigayi. Ɗanliti ya tsaya. Yana tunanin me zai ce masa, kuma me zai je ya ce wa Mariyamu.

Sai mutumin ya tashi ya nufi ruwa. Ɗanliti ya bi bayansa ya duba ƙasa. Haliru da ya sani yana taka gefen ƙafa ne, yatsunsa a ware, irin na wanda ya girma a cikin jirgi. Wannan kuwa da dugadugi yake fara sauka, takun manomi. Da ya juyo ma, ga tsagar Zabarmawa a kuncinsa.

Ya dawo gida da ciwon baya da ɓacin rai. A bakin tunga Inna Tasallah ta tare shi, ta riƙe masa riga.

"Ɗanliti, ka gane shi? Ya rame?"

"Inna, ban gane shi ba tukuna."

"Kunya shika ji. Ka ce mishi ba ni hushi. Ko mi yay yi, shi taho gida."

Ya zare rigarsa a hankali ya wuce. A ƙofar gidansa kuma ya tarar da Muzammilu tsugune da ledar lemo, yana tambayar yara ko Mariyamu ta ci abinci. Kullum haka yake zuwa, ba ya shiga, ba ya tafiya da wuri.

* * *

Da maganar Benin ta rushe, zargi ya koma kan Attahiru. Dalili kuwa a fili yake: kamarsu ɗaya da wansa, har mahaifiyarsu kan ruɗe idan sun ba ta baya. Kuma kowa ya san bai taɓa son auren Muzammilu ba. Mutanen da jiya suke rantsuwa Haliru na da rai, yau su ne ke cewa dama tun farko sun san Attahiru ne.

Attahiru ya fusata, ya ce a tafi Lolo yanzu-yanzu. Ɗanliti ya ce wa Mariyamu ta ba shi hoton Haliru, wanda aka ɗauka ranar sunan 'yarsu, ko Muktar zai tuna fuskar. Ta ciro shi daga ƙasan akwati ta miƙa masa ba tare da ta kalla ba.

A rumfar, Attahiru ya tsaya gaban wayar yana huci. Layin ya zagaye fuskarsa, ya yi ja. Muryar ta ce, "Ba mu san ka ba. Kana so a buɗe maka asusu?"

"Kun ji ko!" in ji Attahiru. "Ko ita ta san ni ba ɓarawo ba na."

Ɗanliti ya miƙa wa Muktar hoton. Muktar ya juya shi, ya ce gaskiya ba zai iya rantsuwa ba, ko shi ne ko ba shi ba ne. Sannan ya ce, "Bari mu tambaye ta. Ba ta ba da kaya da hoto, amma tana faɗin sunan mai shi. Haka muke yi wa tsofaffin da ba sa iya zuwa." Don ya nuna musu, ya ɗora katin zaɓen Ɗanliti a gabanta, nan take ta kira sunansa. Sai ya ɗora hoton Haliru, yana murmushi cikin farar riga, fuskarsa tas.

Layin ya yi ja. "Ba mu san ka ba."

Muktar ya goge hoton da gefen rigarsa, ya sake. Ya matsa kusa da haske, ya sake. Amsa ɗaya.

"Tsaya, yaro," in ji Ɗanliti, yana dafe kai. "Tac ce Haliru ya zo. Ga Haliru, tac ce ba ta san shi ba. To wane Haliru ta sani?"

"Wanda ke takarda, Baba."

"Wanga hwa?"

"Wannan... ba shi ne a takarda ba ke nan."

Suka yi cirko-cirko su uku. Attahiru ya karɓi hoton ya ƙura masa ido, kamar shi ma ya fara shakkar ɗan'uwansa. Ɗanliti kuwa tun yana yaro ya san abu ɗaya a sana'arsa: idan aka nuna maka sawun da ba na saniyarka ba tun daga bakin turke, duk inda ka bi, saniyar wani za ka kamo. Bai gane yadda aka yi ba, amma ya san inda zai tambaya.

* * *

Malam Usuman, tsohon magatakardan ƙungiyar masunta, ya koma Geza yana noman shinkafa. Ɗanliti ya same shi a bakin fadama yana korar tsuntsaye. Da ya ji tambayar, sai ya yi dariya har da tari, sannan ya ga fuskar baƙonsa ya daina.

"Hoto? Ɗanliti, ai kai kana gida shekaran nan, shi ya sa naka na gaskiya na. Mutanen birni sunka aiko mai hoto lokacin da ruwa ya ja baya, duk masu jirgi sun tahi kamun kifi, wasu har Gaya ta Nijar. Yini guda anka ba shi. Anka ce duk takardar da babu hoto, babu tallahi. Mi za mu yi? Mu bari mutanenmu su rasa don sun tahi neman abinci?"

"Sai kunka yi yaya?"

"Sai munka tara waɗanda ba su da jirgi, tunda su babu sunansu ga takarda. Kowa ya tsaya ma wani. Hula guda ma anka yi ta yawo da ita. Taimako na, ba cuta ba. Wa za ya duba? Takardun ga shekara da shekaru suna cikin kwali, ɓera kaɗai ka karanta su."

"Wa yat tsaya ma Haliru?"

Usuman ya daɗe yana murza gemu. Ya tuna wasu, ya manta wasu, ya haɗa da wani da ya rasu tun kafin a yi abin. Wanda ya tsaya wa Haliru dai ya ce ko za a yanka shi ba zai tuna ba.

A hanyar dawowa Ɗanliti ya ji sanyi a ransa ta gefe guda, don maganarsa ta gaɓa ta tsaya. Ta ɗaya gefen kuma yana tuna sabuwar tabarmar nan da aka shimfiɗa, sai ya ji ƙafarsa ta yi nauyi.

* * *

Ya roƙi Liman a taru a rumfar Lolo ranar da ba kasuwa. Ya kira duk waɗanda Usuman ya iya tunawa, ya ce wa Muktar ya share yashin ya yayyafa ruwa kafin kowa ya zo. Muktar ya tambaye shi dalili, ya ce babu, shi dai ba ya iya tunani a kan ƙasa mai datti.

Aka cika rumfar. Liman a kan kujera, Attahiru a tsaye, Mariyamu a gefe cikin mayafi. Inna Tasallah ba a gayyace ta ba, amma ta zo, da ƙullin dakuwa a hannu, wai ɗanta na so. Muzammilu ya shigo daga baya ya raɓe can ƙurya.

Ɗanliti ya yi bayanin abin da Usuman ya faɗa. Wasu suka gane, wasu suka ƙara ruɗewa. Wani ya ce to shi yanzu wane ne a wurin kamfani? Aka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Na farko, wani siririn mai saƙar taru, muryar ta kira shi da sunan Sarkin Ruwa, aka fashe da dariya. Na biyu ta kira shi da sunan surukinsa, ya ce a'uzubillahi. Wani ta ba shi sunan mutumin da ba sa ga maciji da shi. Kowa ya tashi da sunan wani, amma babu wanda ta kira Haliru.

Layi ya ƙare. Liman ya dubi Ɗanliti, jama'a suka dube shi, shi kuma kunya ta sa ya yi abin da ya saba, ya sunkuyar da kai.

A kan damshin yashin, sawun kowa ya shigo daga ƙofa ya miƙe tsakiya, har na Liman, don duk wanda ya shigo sai ya so ya leƙa abin mamakin. Sawu ɗaya ne kawai ya bambanta. Takalmin roba ne mai cinyayyen dugadugi. Daga bakin ƙofa ya karkace, ya bi jikin bango ta inda injuna suka matse hanya, ya yi taku na gefe-gefe irin na mai juya fuska, sai da ya wuce bayan sandar sannan ya saki jiki. Ɗanliti ya bi shi da ido har inda ya tsaya. Ya ɗaga kai a hankali, yana fatan ya ga wani daban. Sai kuma ya tuna wanda ya tsaya gadin babur.

"Muzammilu," ya ce. "Shekaran da anka yi hoto, kana da jirgi?"

"Kawu, ni ai... ni ab ba a yi ma adalci ba cikin maganar ga."

"Na sani. Taho ka tsaya nan."

Bai motsa ba. Muktar ya kama sandar ya juya wayar ta kalli ƙurya. Layin ya zagaye fuskar Muzammilu, ya yi kore.

"Barka da dawowa, Haliru na Tungar Bawa."

Muzammilu ya sulale ya zauna a ƙasa. Magana ta riƙa fito masa guntu-guntu. Shi ya tsaya wa Haliru a hoto, Haliru ma da kansa ya roƙe shi kafin ya tafi, har ya manta da abin. Ranar kasuwa ya zo ne a buɗe masa nasa asusun, don ga haihuwa tafe, filafili ba ya kai mutum inda kifi yake yanzu. Yana tsayawa ta kira shi Haliru, aka ce ga injinka. Ya waiga, babu wanda ya san shi a layin. Ya ɗauka. Bai san za a aika saƙo gida ba. Injin na can rumbun gwaggonsa a ƙarƙashin kara, ko tayar da shi bai taɓa yi ba.

"To mi ya hana ka hwaɗi tun ran nan?" in ji Liman.

"Malam, a ce na ɗauki matatai, na koma na ɗauki sunanai? Ga maganar 'yan sanda. Nic ce Kawu za ya bi ya gaji, magana ta mutu, a maido min iyalina."

Attahiru ya yi kansa, aka rirriƙe shi. Muktar ya ce idan injin ya dawo lafiya zai roƙi oga a bar maganar a nan. Liman ya yi gyaran murya, ya ce abin da ya tara su dai ya warware: Haliru ya rasu, Allah Ya jiƙansa, auren Mariyamu da Muzammilu na nan daram, ta koma ɗakinta yau. Jama'a suka ce alhamdulillahi.

Inna Tasallah ce ba ta gane ba. Ta matso gaban wayar tana leƙa bayanta. "Na ji ta kira shi. Ina shike?"  Ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan Ɗanliti, ya kau da kai. Sai ƙullin dakuwar ya suɓuce daga hannunta.

Muzammilu ya rarrafo wajen Mariyamu. "Ki yi haƙuri. Kin ji abin da Malam yac ce. Mu tahi gida."

Ta buɗe mayafinta ta dube shi. Tunda aka fara wannan abu Ɗanliti bai ga hawaye a idonta ba sai yanzu.

"Kullum kana zuwa ƙohwar Kawu kana tambaya ko na ci abinci," ta ce. "Ka san abin da nika yi cikin ɗaki? Ina ɗaga hannu in yi addu'a, in rasa mi zan roƙa. Ran nan na roƙa. Ni da bakina, ɗiyar Haliru na kwance bisa ƙahwata, nic ce Allah Ka sa ubanta ya mutu da gaske. Don kai niy yi. Kai kuwa kana waje da lemo, ka sani."

"Mariyamu..."

"Na ji aure na nan. Ban ce babu ba." Ta juya wajen Ɗanliti. "Kawu, ka gano min matar wa nike, na gode. A kai min kayana gidan Inna. Za a sake zaman makoki, ba ta da mai ɗebo mata ruwa."

Ta durƙusa da ƙyar saboda cikin, ta kama hannun tsohuwar, suka fita tare.  Muzammilu ya dubi Ɗanliti, ko zai sa baki a matsayinsa na kawunta.

Ɗanliti ya juya ya fice. Ya tafi gida ya ɗauko ƙunshin kayan da kansa, ya ɗora a ka duk da tsufansa, ya bi su.